Rasuwar Kaset Ɗin Malam Shehu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan abin da ya rage na haƙuri, Barista Alamin Shehu na Ƙauran Namoda yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kaset ɗin mahaifinsa, wanda ya cika ranar Alhamis da hantsi a rumfar mai gyaran rediyo a kasuwar Shinkafi.

Marigayi kaset ya tashi a hannun mahaifin Barista, Malam Shehu, tsohon hedimasta, Allah Ya jiƙansa, mutumin da bai yarda da ajiyar gwamnati ba. Duk labarin majalisar dokoki da aka karanta a rediyo, sai ya danna jan maɓalli ya naɗa. A haka kaset ya haddace zaman ƙarshe da aka yi kan ƙudurin dokar hana raba gonakin waɗanda 'yan bindiga suka kora. Tsawon rayuwarsa bai taɓa cewa a dawo gobe ba, bai kuma taɓa cewa mai makulli ya tafi ta'aziyya ba.

Wata bakwai Barista ya yi yana bin sawun ƙudurin nan saboda Inna Gimbiya ta Kurya Madaro, wadda ta dawo daga gudun hijira ta tarar da gonarta a hannun wani. In ƙudurin ya zama doka, gona tata ce. In bai zama ba, ta ci gaba da sussuka a gidajen mutane. Takardar karatu na farko da aka yi wa ƙudurin a majalisa ya same ta. Ta karatu na biyu a teburin mai tsire ya tsince ta, da maiƙonta. Rahoton kwamiti kuwa gara ta riga shi karantawa. Da ya tambayi karatu na uku, kowane ofishi ya nuna masa ƙofar na gaba har ya dawo inda ya fara. Wani tsohon ɗan majalisa a Zurmi ya rantse yana wurin, amma abin da ya iya tunawa shi ne an raba lemo.

Sai aka tsinci marigayi a adakar Malam, ya tsufa, zafi ya manne masa zare. Barista ya yi jinyarsa da biro, yana juya shi a hankali, sannan ya kai shi Shinkafi, inda aka ce akwai sauran rikoda mai rai. Marigayi ya yi gyaran murya, shuuu, ya ce, "Bayan doguwar muhawara, majalisa ta..." Nan mai gyara ya so ƙara sauti, ya yi kuskure ya danna jan maɓallin naɗi. Malam Shehu dai bai taɓa ɓalle haƙorin kaset ba, wanda ɓalle shi ke hana naɗi a kan naɗi, don yana maimaita naɗi. Minti guda marigayi ya yi yana haɗiyar hayaniyar kasuwa a kan hukuncin majalisa. Barista ya fizgo shi, zare ya tsinke.

Ya rasu ya bar kwalinsa, da biron jinya, da kaset goma sha ɗaya da babu abin da suka sani sai jawaban rantsarwa.

Za a yi jana'iza ranar Litinin, bayan an fito daga kotu, inda Barista zai tsaya gaban alƙali da rabin jimla. Inna Gimbiya ta roƙi a binne marigayi a gefen gonarta. An aika neman izini wurin wanda ke nomanta, ya ce a bari sai ya yanke gero.