Babban Yatsana Ya Fi Ni Muƙami

Jama'a, shekaranjiya na tashi da raina da lafiyata, na yi wanka, na sa rigata ta zuwa gaban manya, amma kafin rana ta take tsaka wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba ta shaida wa hukuma cewa babu ni a duniya.

Ni malamin firamare ne, kimiyya nake koyarwa tun ina da gashi a ka. Kwanakin baya manyanmu, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka ce ma'aikatan bogi sun cinye baitulmali. Don haka kowa ya je ya dangwala babban yatsa a na'ura. Wanda ta gane ya ci gaba da aiki, wanda ta ƙi a goge sunansa. Ba yau aka fara kawo na'urar kama bogi ba. Duk sabuwar da za a sayo sai tawaga ta hau jirgi ta je koyon kunna ta, ta dawo a yi taron buɗe kwali. Bogin kuwa suna nan suna ajiye tumbi.

Ni da rawar kaina har murna na yi. A bencin maƙwabcina Mai Aski na buɗe lacca ba wanda ya gayyace ni. Na ce babu mutum biyu da zanen yatsunsu ya zo ɗaya, ko tagwaye ne. Na ce na'ura ba ta da suruki, ba ta karɓar na goro.

Mai Aski ya ce, “Malam, ni fa na ji an ce duk dangwalawa ɗaya tana zuƙe wa mutum jini. Shi ya sa take kawo jar wuta.”

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce masa jar wuta ta maƙaryata ce, mai gaskiya koriya yake gani. Baki shi kan yanka wuya.

Ranar tantancewa muka yi layi a rana, muna jira a samo man janareta. Da aka samo mai sai netwok ya tafi, da netwok ya dawo sai mai makullin ɗakin ya fita. Can dai layi ya zo kaina. Wata budurwa ce ke riƙe da na'urar, tana taunar cingam. Na ɗora yatsa da isa irin ta wanda ya san kan abin. Jar wuta.

Ta ce, “Baba, goge a riga.”

Na goge. Ja.

“Shafa a goshi, ya ɗan samu maiƙo.”

Na shafa a goshi, na shafa a hanci, na hura masa iska. Ja dai.

“Baba, na'ura ba ta san ka ba.”

Na ce, “'Yata, rabin mutanen layin nan ni na koya musu yadda ruwa ke zama tururi.”

“To su sun san ka, ita ba ta san ka ba. Ka dawo gobe, gobe ake rufewa.”

Ina juyawa na ji wani a baya yana cewa an kama bogi na farko. Wasu suka yi dariya, wasu suka matsa suka ba ni hanya kamar mai cutar da ake ɗauka.

A gida na kwashe labari na faɗa wa uwar yara. Ta ce, “Ai ni na daɗe da zargin haka. Duk ranar da famfo ya lalace ba a ganinka a gidan nan.” Ta yi dariyarta, sannan ta ajiye tsintsiya ta zauna kusa da ni. “Maigida, in suka goge ka fa? Fanshon da muke ta hange, shi ke nan?”

Tambayar da ta rako ni tun daga bakin ofis ke nan. Ga auta ba ta gama makaranta ba, ga ni ban iya wata sana'a ba sai tsayuwa gaban allo.

Ta kama yatsan ta juya shi a haske, ta ce alli ne ya cinye zanen. Ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta lafta masa man shafawa. Mai Aski ya ji labari ya shigo da lemon tsami, ya ce a matsa a kai, kuma in riƙa ɗaga yatsan sama kada jinin da ya rage ya gudu. Ni malamin kimiyya, da na yi masa dariya, na zauna a tsakar gida da yatsa a naɗe cikin safa, na ɗaga shi sama kamar mai tsayar da mota. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi.

Washegari na koma da yatsa mai laushi kamar na jariri. Na ɗora. Koriyar wuta. Na juyo ina kallon 'yan layi ɗaya bayan ɗaya, ina neman mai bakin jiya. Sai na lura budurwar ta daina tauna.

Ta ce, “Baba, kai ne mataimakin darakta?”

Ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Ga wani suna da ban taɓa ji ba, ga hoton wani mai kumatu da gilashi, ga muƙamin da ko a mafarki ban taɓa leƙa shi ba. A ƙasa kuma ga zanen yatsana raɗau.

Nan na tuna lokacin da aka fara ɗaukar yatsunmu, shekarun baya. Mai ɗaukar ya ce mini bai kama ba, in sake. Na sake dannawa da kyau, har ina yi masa bayanin yadda na'urar ke aiki, yana gyaɗa kai. Ashe dangwalawar farko mai dishi-dishi ita aka bar mini, mai kyau ɗin aka ba wannan bawan Allah da uwa ba ta haife shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kafin 'yan layi su gama miƙa wuya, aka yi ciki da ni wurin shugaban ofishin, Mai Girma Mai Kujera Mai Juyawa. Ofis sanyi kamar randa, a lungu ga kwalayen na'urorin bara ko buɗe su ba a yi ba. Ya miƙe ya ba ni hannu, ya sa aka kawo mini lemo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ya ce, “Malam, matsalar netwok ce.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, netwok ɗin ne ya sa masa gilashi?”

Ya yi murmushi ya ce za a kafa kwamiti. Ya ce a yanzu dai abu biyu ne: ko in jira rahoton kwamiti sunana yana goge, ko a sake yi mini rajista nan take da wani yatsan, tunda babban yana da mai shi.

Masu karatu, na shiga ɗakin nan da jawabi a bakina mai zafin da zai narkar da kujerar. Sai na tuna fuskar uwar yara lokacin da ta ajiye tsintsiya. Na kurɓi lemo, na ji bakina yana cewa, “Allah ya ƙara girma.” Na miƙa ƙaramin yatsana na hagu, koriya ta kawo, na dawo cikin masu rai. Har kwalbar na shanye, kada a ce na yi fushi.

A hanya ina jin daɗi ina jin kunya, ban san wanda ya fi nauyi ba. Aikina dai yana nan. Mai gilashi ma nasa yana nan, don kwamitin bai samu ɗakin zama ba tukuna.

Ba na ƙorafi, wane ni. Samun ɗan gida a babban muƙami ai abin alfahari ne, ko da yatsa ne. Roƙona ɗaya ga masu girma: in za a ƙara wa mutumin girma, a sanar da ni da wuri in yanke farce.