Rasuwar Salular Madam Balki a Hannun Inna Indo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsa ɗaure da tsumma, Madam Balki, mai koya wa matasan Matameye yadda ake tsara manhajar waya don mai amfani da ita ya gane ba wahala, tana sanar da rasuwar salularta. Marigayiyar ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi da rana tsaka, a gaban aji guda.

An shaide ta da haƙuri. Ita kaɗai ce wayar shafawa a ajin, kowane ɗalibi ya dangwale ta da hannun ƙuli-ƙuli, ba ta taɓa cewa uffan ba sai "ƙit-ƙit" idan yunwar caji ta kama ta.

Ga yadda ajali ya zo. Madam tana da doka biyu da take alfahari da su. Ɗalibai ke jan mahawara, ita tana baya bakinta gum. Idan kuma aka miƙa wa mutum abin da aka tsara don ya gwada, ba mai taimakonsa, kuskurensa shi ne darasin.

Da fari ya tsananta, rijiyoyi suka ƙafe, ɗalibai suka tsara manhajar da za ta nuna inda ruwa yake. Cha'ibu, shugaban mahawara, ya kawo shawara a sa hoton bido, wato jarkar ruwa: bido a tsaye, akwai ruwa; bido a kife, babu. Mariyama ta ce wannan shirme ne, a sa murya, tsofaffi ba hoto suke karantawa ba. Aka yi ta cacar baki har kujera ta tashi sama. Aka ɗaga hannu, bido ya ci.

Sai aka gayyato Inna Indo, mai sayar da ruwa a amalanken jaki, don ta gwada. Baiwar Allah ta karɓi waya ta riƙe ta kai ƙasa, bidon famfon ƙauyen Dungu da ke kife ya miƙe tsaye ƙyam. Madam ta gani da idonta. Bakinta ya motsa, ta tuna dokarta, ta haɗiye. Wai darasi!

Inna Indo ta kora jakinta har Dungu cikin ranar nan mai narka ƙwaƙwalwa, ta tarar da famfo ko ɗigo babu. A hanyar dawowa jakin ya durƙusa, bai sake tashi ba. Shi ke ciyar da jikokinta huɗu.

Washegari ta shigo aji ba sallama, sandar jakin a hannunta. Dukan farko ya tsaga fuskar marigayiya gida biyu. Na biyu ya fito da hanjinta. Madam ta kai hannu ceto, na uku ya sauka a yatsarta, ƙashi ya ce ƙaras. Tsohuwa ta tattake ragowar da dunduniya har gilashi ya koma gari. Kalmar ƙarshe ta marigayiya ita ce "tiiit". Ɗalibai kuwa, 'yan albarka, ba wanda ya taimaki kowa, haka aka koya musu.

Madam ba ta kai ƙara ba. Ta ce wallahi zafin jakin nan ya fi na yatsarta.

Marigayiyar ta bar caja guda mai ɗaurin roba, da ɗalibai marayu. Ba a sa ran magajiya nan kusa, tun da soja suka karɓi mulki aka rufe iyaka, kayan Kano sai a mafarki.

Za a binne ta ranar Asabar da hantsi a gefen hanyar Dungu, kusa da jakin. Kada a yi cincirindo, sojan da suka kafa shinge a hanyar ba sa son taro. Babu abincin sadaka. Kowane ɗalibi ya zo da bido da gammo, don su za su riƙa ɗebo wa Inna Indo ruwa har damina ta sauka, Madam ce a gaban layi. Bayan addu'a za a yi mahawara kamar kullum, amma wannan karon Inna Indo ce za ta ja ta. Ta ce za ta zo da sandar.