Dajin da Ke Bayan Otal

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Taswira da Rahoton Tallafi, mai ganin ƙasa daga sama, Allah ya ƙara wa idonka haske.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba. Shekara huɗu ke nan rabona da gida. Ni ne mai gadin itatuwan da ofishinku ya dasa don tare zaizayar ƙasa, aka ce in riƙa ba su ruwa har a turo mai canjina. Ina da 'yan koke-koke, in ba za su raba ka da kallon kwamfuta ba.

Na ɗaya. Ma'aikacin da kuka turo ya saka wurinmu a na'ura mutumin kirki ne, kuma hanyarmu ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta. Ya sauka a otal cikin gari, ya kira ni ya tambaya ko muna da nisa. Na ce tafiyar yini guda. Ya ce daga sama duk kusa ne, ya danna ɗigo a inda yake zaune. Tun ranar, dajinmu a taswirarku yana bayan otal, inda ake ajiye motoci.

Na biyu. Shekara biyu tauraron ɗan'adam yana leƙawa yana ganin siminti, har kuka aiko mini takardar gargaɗi cewa na kashe shuka. A inuwar shukar na zauna na karanta ta. Ana nan sai mai otal ya yi wa motoci rumfar kwano, ya shafe ta da koren fenti. Taswira ta yi shar. Masu ba da tallafi suka ƙara kuɗi, aka yaba mana da dajin da ba ya kaɗe ganye da rani. Ranka ya daɗe, duk iliminku babu wanda ya yi mamakin daji mai kusurwa huɗu da ya tashi cikin sati guda?

Na uku. Tankar ruwan da kuka saya mana, direbanta taswira yake bi. Duk sati yana zuwa ya shayar da rumfa. Mai otal, da yake ba ya son asara, ya buɗe wurin wankin mota. Ni kuwa daga rafi nake ɗauko ruwa da jarka, kafaɗata ta yi kanta.

Na huɗu, shi ya fi ci mini rai. Mai canjina ya iso tun bara. Yana kan benci a bayan otal yana kare rumfa daga awaki, yana aiko muku rahoto cewa ko itace ɗaya bai mutu ba, kuma gaskiyarsa ne. A wurinku ni na tafi hutu. Matata ta kira ofis, aka ce mata ai na koma gida tuntuni. Ta bugo mini tana tambaya wane gidan. 'Yata da na bari tana rarrafe, yanzu Baban Waya take kirana. Za ka ce in kama hanya mana; to wa zan bar wa itatuwan? Rana da awaki ba sa duba taswira.

Ban ce taswira tana ƙarya ba, inda aka nuna mata take kallo. An kuma fahimtar da ni cewa in aka matsar da ɗigon nan zuwa inda itatuwa suke, daji zai ragu a rahoto, tallafi ya tsaya. Ba zan so a yi asarar daji mai kyau irin wannan saboda itatuwa ba. Ku bar ɗigon inda yake. Mutumin kan bencin kawai nake roƙo ku matsar.

Naka mai biyayya, durƙushe har ƙasa, ƙasar da ba ta kan taswira,
Mai gadin da ke hutu.

Ƙarin bayani, ko wani zai tambaya. Cikin dashe dubu biyu, ga abin da na tsirar: itace ɗari uku da goma sha ɗaya, jarka ɗaya, ɗayar ta fashe.