Ranar da Na Taya Gidan Bature

Ko na so mantawa, ba zan taɓa manta ranar da na kusa zama mai gidan bene ba.

A hanyar Gezawa akwai tsohon gidan wani Bature mai sayen gyaɗa, ginin Ingila na dā. Masu shi suka gyara shi tsaf, farin fenti, barandar katako, tagogi masu gilashi kala-kala, suka sa shi a kasuwa. Shekarun tsananin nan ne, da albashinmu na malaman firamare ya zama sai labari. Amma kullum in na zo wucewa a keke sai in rage gudu, ina rabon ɗakuna a zuci: wannan na Inna, wancan na matata Hauwa, saman kuwa nawa ni kaɗai.

Wata Asabar na zura babbar rigar aurena (ita kaɗai ta rage mini mai kwarjini), na ɓoye keken a cikin gonar gero, na je wai kallo kawai. Dillalin, Malam Tanko, ya yi ta kirana Alhaji, ni kuma ban hana shi ba. A sama na zauna kan wata kujera mai lilo, iska na kaɗa gonaki har iya ganin ido, hasken gilashi na sauka ja da kore a ƙafafuna. Wallahi har ƙamshin miyar Hauwa na ji yana hawowa daga ƙasa.

To kun san ba a gama kallon kaya a tafi ba a taya ba. Sai na yi tayin wulaƙanci, don a ce albarka in kama gabana. Na manta shekarar ko akuya ba ta da mai saye.

"An sallama, Alhaji," in ji Tanko. "Bari in nemo shaida."

Shaidar da ya tare a bakin hanya surukina ne, Baba Haladu, wanda a makon ya aiko mana da gero a ɓoye don kada in ji kunya. Na zube ƙasa ina gaisuwa. Bai dube ni ba, rigar ya duba, sannan ya juya ga dillali.

"Tanko, ƙyale shi. Tuwon da ke cikinsa ma daga rumbuna ya fito."

Har yau ina mafarkin gidan nan, ban fasa ba. Sai dai daga bakin titi nake yi, a kan keke, bakina a rufe.