Kofin Injiniya a Gindin Akurki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan 'yata ta fari, lokacin ina akawu a wata masaƙa, muna haya a Unguwar Kanawa, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Shugabana wani dattijon Bajafane ne mai ƙarancin magana, Injiniya kawai muke ce masa. Da na yi aure ya ba ni kyauta cikin akwatin katako. Na buɗe da murna, sai na ga wani kofin shayi na yumɓu, baƙi-baƙi, bakinsa a karkace, ko hannu babu.

Na kai shi Babbar Kasuwa (Allah ya yafe mini) wai a musanya mini da tangaran mai furanni. Mai rumfar ya jujjuya shi, ya ce matan ƙauyensu sun fi wannan iya gini. Na dawo na miƙa wa maiɗakina, Hajara, na ce ta yi abin da ta ga dama da shi.

Ranar suna Injiniya ya zo. Ina ta rawar jiki, na shigo da shi har tsakar gida ya ga jaririya. Sai ya tsaya cak. Na bi idonsa. Ga kofin nan a gindin akurki, kaji na shan ruwa a ciki, gefensa duk kashi.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya durƙusa da kwat ɗinsa, ya zubar da ruwan, ya goge kofin da hankicinsa. Ya ce mahaifinsa maginin tukwane ne, wannan na cikin kofunan ƙarshe da ya gasa kafin ya rasu, guda uku suka rage.

"Malam Sani," in ji shi, "a wanke a zuba mini shayi a ciki."

Hajara ta wanke tana hawaye. Ya sha ya shanye a gaban abokaina. Bai karɓe kofin ba kuwa (da ya karɓe da na fi samun sauƙi). Bayan wata biyu ya koma ƙasarsu, na rubuta wasiƙar ban haƙuri sau huɗu, ban aika ko ɗaya ba.

Tun daga nan, in an ba ni kyauta, ko tsintsiya ce, sai na tambayi mai kyautar ko wa ya ɗaure ta kafin in nuna wa Hajara.