Baiti Huɗu a Bikin Rahila

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na karɓi lasifika a bikin abokina Dauda ba, a wani filin makaranta da ke unguwar Rikoto a Zuru. Har gobe kuma ina kan bakana: waƙar nan ba ta da aibu.

Ni malamin Hausa ne a sakandare, kuma a lokacin na kamu da son kalmomin da ke juya wa kansu baya. Rabo, alal misali: sa'a ce, kuma rabuwa ce. Sallama: da ita ake shiga gida, da ita ake korar ma'aikaci. Sai na ce bari in ɗinka wa ango da amarya baiti huɗu da irinsu, mutanen Zuru su san suna da fasihi. (Matata ta karanta ta ce, "Baban Ladi, ka ba su kwanuka kawai." Na ce mata ba kowa ke gane adabi ba.)

Bayan fasto ya yi addu'a, na miƙe, na gyara babbar riga, na rera:

"Yau ce ranar rabo,
An gama Dauda da Rahila,
Zancen aurensu ya tashi,
Jama'a, a yi masu sallama."

Na tsaya jiran tafi. Ko tari babu.

Abin da na manta, amma duk filin bai manta ba, shi ne shekara shida baya ni ma na nemi Rahila, ta ƙi ni.

Mahaifinta, tsohon soja, ya taso a hankali yana dogara sanda.

"Malam, mi ka ce? Auren ɗiyata ya tashi?"

"Baba, tashi irin na tsuntsu nake nufi, ya yi sama."

"Rabon fa?"

"Na arziki, Baba."

"To mi ya hana ka ce arziki?"

Mai hankali da nan zai ba da haƙuri ya zauna. Ni kuwa sai na juya ga jama'a na fara darasi, har da "ku lura da kyau" (wallahi na faɗa). Ina cikin bayanin cewa gamawa haɗawa ce aka zare wayar lasifikar. Bakina na ta motsi, ba mai ji. Wata gwaggon amarya ta ɗaga murya: "Har yanzu abin na cin sa, bawan Allah!" Filin ya fashe da dariya. Dauda ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa.

Ƙannen amarya biyu suka raka ni har bakin mashin ɗina, daidai lokacin da aka fara raba shinkafa da nama.

Yau Dauda da Rahila 'ya'yansu uku, sai a gaya mani wace ma'ana ce ta ci. Haƙuri dai ban ba kowa ba, ba kuma zan bayar ba. Abu ɗaya na koya: duk ranar da za ka nuna wa taro kai gwanin harshe ne, ka bari sai ka cinye abincinka tukuna.