Kaka da Kaskon Garwashi

"Lafiya lau, in ban da sanyi da rashin miji nagari," in ji Hajiya Asama'u daga cikin bargo, tun Sagiru bai rufe baki daga gaisuwa ba.

Sagiru jikanta ne, ɗalibi a Alƙahira. Duk Asabar yakan tara 'ya'yan Hausawan unguwar Hayyin Ashir, waɗanda Larabcin Masar ya cinye wa baki, ya koya musu karatun Hausa. Ita kuwa tsohuwar, neman magani aka kawo ta. Ranar Alhamis likita ya ja shi gefe ya ce khalas, ba sauran magani, ciwon ya bi jiki, a kai ta gida cikin danginta. Tun ranar ya kasa faɗa mata. Yau ma da niyyar faɗa ya hawo benen, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf.

"Miji nagari ai ga shi ya shigo. Wa ya taɓa ajiye ki a bene in ba ni ba?"

"Wannan firjin? Ka auro ni ka jefa a firji kamar kifi."

"Kifin ma busasshe. Amaryar da ba haƙori ko ɗaya, ai na yi ƙoƙari."

"Tuwon gidanku ne ya zubar da su. Yaya ɗaliban naka masu Hausar 'yan koyo? An karanta labarin da ka sata a bakina?"

Labarin dai na lokacin sanyi ne, ya rubuta shi don yaran su koyi kalmomi irin su kasko da garwashi da jin ɗumi. Wata kaka ce sanyi ya matsa mata, ta cika kasko da garwashi, ta tura ƙarƙashin gado, ta ja ƙofa ta kwanta.

"An karanta," in ji Sagiru. "Garwashi ne ya ba mu wuya. Da na kwatanta, sai wani Abakar ya ce ya gane, wai kakar shisha take sha."

"Ni? Kawo min ɗan nan in murɗe masa kunne!"

"Wa ya ce ke ce? Kakar labarina kyakkyawa ce."

"Shi ya sa na gane kaina. To, da ka tambaye su abin da suka fahimta fa?"

Nan fa Sagiru ya yi da-na-sanin buɗe baki. Tambaya ya yi musu mai sauƙi: me zai faru da Kaka da safe? Shi jira yake su ce za ta tashi garau ta dama kunu. Ashe yaran nan, duk shekara in sanyi ya shigo, gargaɗi suke ji kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Baki ɗaya suka amsa, wata Nada har da kuka.

"Shirme suka yi," ya ce, yana matse hularsa.

"Faɗi shirmen. Naka ma ina ji kullum."

"Wai... wai kakar ba za ta kai safe ba. 'Yan Masar ne, ba su san ɗakunanmu da iska ke shiga ta ko'ina ba."

"Me ka ba su?"

"Sifili."

"Kai ne sifili, malamin banza. Yara sun duba takarda sun gane kaka tafiya za ta yi. Ni ban yi boko ba, amma tun ranar Alhamis na karance fuskarka tas. Mijin da ke wawushe min nama a kwano, yau shi ke tsince min ƙashi? Ga shi ka daina ce min in tashi in motsa jiki. Jiya har ƙafa ka matsa min, marowaci irinka!"

Sagiru ya zauna a bakin gadon. Baƙin ciki ya cika shi, ga kunya, wai mara lafiya ce ta sauke masa kayan da ya kasa saukewa.

"Hajiya..."

"Au, yau kuma Hajiya ce? Ina amaryar?"

Dariya ta kubce masa, hawaye na bin ta. "Na sallama, amarya, kin ci. Likita ya ce in kai ki gida."

"Da ma zaman ya ishe ni. Yalla, sake ni ka mayar da ni Gumel. Marigayi kakanka na can kwance shi kaɗai, kuma ya fi ka iya riƙon mace."

"Saki kam babu. Rakiya dai zan yi miki."

"Ji ragon miji," ta ce. Ta zaro hannu daga cikin bargo ta kama nasa, ta riƙe gam.